Ƙoda Ba Ta Kuka Da Wuri

Masu sauraronmu na birnin Gusau da kewaye, da na Tsafe da Bungudu, da duk inda muryarmu ta kai, sharhinmu na yau zai tsaya ne a kan wata gaɓa ta jikin ɗan'adam wadda ba a cika tunawa da ita ba sai ranar da ta gaza, wato ƙoda.

Kusan kowa a cikinmu ya taɓa jin sanarwar neman taimako bayan an sallame sallah, ko ya ga hoton wani bawan Allah a Facebook, fuska a kumbure, ana cewa likita ya rubuta masa wankin ƙoda, 'yan'uwa sun sayar da gona da dabbobi, kuɗi sun ƙare. Mukan ba da abin da ya sawwaƙa, mu yi masa addu'a, mu wuce. Amma da za a tsayar da mutum goma a Tudun Wada ko a tashar Tsafe a ce kowa ya nuna inda ƙodarsa take, ya kuma faɗi aikinta, da wuya a samu masu amsa daidai. Wanda bai san aikin abu ba kuwa, ba zai san abin da ke ɓata shi ba. Don haka bari mu fara daga tushe.

Mai sauraro, ɗora hannuwanka biyu a bayanka, daidai ƙarƙashin haƙarƙarin ƙarshe, ɗaya a dama da ƙashin baya, ɗaya a hagu. To, nan ƙodojinka suke, can ciki, lulluɓe da kitse, haƙarƙari ya kare samansu. Ta dama ta ɗan fi ta hagu sauka ƙasa, saboda hanta ta tokare ta daga sama. Kowace ɗaya siffarta irin ta ƙwayar wake ce, tsawonta wajen santimita 11, nauyinta kimanin giram 150. A taƙaice ba ta wuce girman dunƙulen hannunka ba.

Wanda ke son ya gani da idonsa, ya je wurin mahauci, ko ya jira ranar layya, ya ce a tsaga masa ƙodar rago gida biyu ta tsawo, domin ta rago da ta mutum gininsu ya yi kama. Da farko za ka ga wata siririyar tantani mai sheƙi wadda ake iya ɓarewa da farce. A ƙarƙashinta akwai ɓawon nama mai duhun ja wanda ya zagaye ƙodar. Daga cikinsa sai wani sashe mai zane-zane kamar an ja layuka da tsinke, duk layukan sun nufi tsakiya. A tsakiyar kuwa akwai wani farin aljihu mai kama da mazurari, wanda ya tsuke ya zama siririn bututu. A wancan ɓawon na waje ake tace jini. A sashen mai layuka ake kaurara fitsari. Farin aljihun shi ke tara shi, bututun kuma ya gangara da shi zuwa mafitsara, inda zai jira har mutum ya ji yana son ya kewaya. A gefen ƙodar, wurin da ya lotsa, za ka ga bakin jijiyoyi biyu: ɗaya ta kawo jini daga zuciya, ɗaya ta mayar da shi bayan an tace.

Duk da ƙanƙantarsu, ƙodoji biyun nan suna karɓar kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke bugowa. Fiye da lita ɗaya na jini ke ratsa su a kowane minti. Babban mutum yana da jini wajen lita 5 a jikinsa, ke nan kafin a kammala wannan sharhi, jinin jikinka kaf ya bi ta ƙodarka sau da dama.

A cikin kowace ƙoda akwai 'yan ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya, waɗanda ido ba ya iya gani sai da madubin likita. Masana na kiran kowace ɗaya nefron. Kowane nefron yana da sassa biyu: wani ƙullin siraran jijiyoyin jini wanda shi ne rariyar, da wani dogon bututu mai lanƙwashe-lanƙwashe da ke biye da shi. Aikinsu ya yi kama da na uwargida mai tace gasara. Takan zuba ƙullun a kan mataci, ruwa da gasara su wuce ƙasa. Ba ta zubar da abin da ya wuce ɗin nan take, sai ta bar shi ya kwanta, ta kwashe gasararta, ta tsiyaye ruwan da ba ta buƙata. Haka ƙoda take yi. A mataki na farko, rariyar tana riƙe ƙwayoyin jini da sinadarin furotin su ci gaba da tafiya a jijiya, ta bar ruwa da gishiri da suga da datti su wuce cikin bututu. A mataki na biyu, bututun yana tsotse abin da jiki ke buƙata ya mayar cikin jini: suga gaba ɗaya, gishiri gwargwadon buƙata, ruwa kusan duka.

Ga lissafin. A yini da dare ɗaya, ƙodojin babban mutum suna tace ruwa kimanin lita 180. Wato jarka 9 masu cin lita 20, kusan cikin kurar mai ruwa. Amma abin da ke fita a matsayin fitsari galibi wajen lita ɗaya da rabi ne kawai, kwatankwacin ledar fiya-wata 3. Sauran duka an mayar da shi jiki. Ana wannan aiki kana barci, ana yi kana noma, ana yi kana azumi, tun kana cikin mahaifiyarka har ranar da za ka koma ga Mahalicci.

Me ake zubarwa a cikin fitsarin? Babba daga ciki shi ne yuriya, sinadarin nan da manomi ya sani a buhun taki, wanda hanta ke samarwa daga ragowar nama da wake da ƙwai da muka ci. Akwai kuma kiriyatinin, dattin da tsoka ke fitarwa, wanda shi likita ke aunawa a jini don ya san ƙarfin ƙoda. Sai ragowar magunguna da guba iri-iri. Duk ƙwayar da ka haɗiya, duk jiƙon da ka sha, yawancinsu ta ƙoda za su bi su fita. A riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Ƙoda ce kuma ke riƙe da ma'aunin ruwan jiki. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Gusau ke haura digiri 40, ɗan acaɓa ko mai aikin gini da ya wuni yana gumi zai ga fitsarinsa ya ragu, ya yi ja kamar shayi. Ƙodarsa ce ke tattalin ruwa don kada jini ya kafe. Ranar da ya sha ruwa sosai, fitsarin sai ya yawaita ya yi fari. Launin fitsarinka saƙo ne daga ƙoda. In ya yi duhu, tana neman ruwa.

Aikinta bai tsaya a fitsari ba. Ƙoda tana fitar da wani sinadari mai suna renin, wanda ke daidaita ƙarfin bugun jini. Tana fitar da wani kuma da ke umartar ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini, shi ya sa mai ciwon ƙoda ke yin fari fat, a yi ta ƙara masa jini yana komawa. Ita ce ke kammala sarrafa bitamin D yadda ƙashi zai iya amfana da shi, don haka in ta gaza ƙasusuwa kan yi rauni. Ita ce ke hana sinadarin fotasiyam taruwa a jini, wanda in ya yi yawa yana iya tsayar da zuciya farat ɗaya. Ita ce ke rage tsamin jini. Gaɓa ɗaya, tana riƙe da jini da ƙashi da zuciya.

To, a nan ne babbar matsalar take, masu sauraro. Allah Ya hore wa ƙoda rarar ƙarfi, har mutum yana iya rayuwa lafiya lau da guda ɗaya. Wannan rahama ce, amma ita ce kuma ke ɓoye ciwon. Matatan nan suna iya mutuwa ɗaya bayan ɗaya shekara da shekaru, waɗanda suka rage suna ɗaukar nauyin waɗanda suka tafi, mutum yana harkokinsa bai ji komai ba. Nefron da ya mutu kuwa ba ya sake tsirowa. Likitoci sun kasa ciwon ƙoda mai daɗewa mataki 5, kuma a matakan farko galibi babu alamar da mutum zai ji a jikinsa. Sai aiki ya yi nisa ake ganin kumburin fuska da safe, kumburin ƙafa da yamma, fitsari mai kumfar da ba ta bajewa, yawan tashi fitsari da dare, kasala, tashin zuciya, ƙaiƙayin jiki, shaƙuwa mai naci, da numfashi sama-sama. A lokacin ne za ka ji ana cewa sanyi ne, ko shawara ce, ko an yi masa jifa. A yi wata uku ana jiƙe-jiƙe, sai an ga ba dama a ɗauko mota zuwa Gusau.

Akwai kuma kuskuren da ya zama ruwan dare, na ɗaukar kowane ciwon baya a matsayin ciwon ƙoda. Yawancin ciwon ƙugu daga tsoka ne da ƙashi, musamman ga manomi da mai dako da direba. Ƙoda takan yi zafi in tsakuwa ta toshe bututunta, ko ƙwayar cuta ta kama ta da zazzaɓi. Amma ciwon da ke kai mutum ga wanki, shi yawanci ba ya zafi. Sai ka ga mutum yana ta shan maganin ciwon baya don ya ceci ƙodarsa, alhali maganin ne ke cinye ta.

Me ke kashe ƙoda a wannan yanki namu? Na farko dai, manyan biyu a duniya baki ɗaya su ne hawan jini da ciwon suga. Jijiyoyin da ke cikin rariyar nan sun fi gashi sirantaka. In jini yana dukansu da ƙarfi shekara da shekaru, sai su yi kauri su toshe. In suga ya yi yawa a jini, sai rariyar ta huje, furotin ya fara zuba cikin fitsari. Abin baƙin ciki, hawan jini na ɓata ƙoda, ƙodar da ta ɓaci kuma tana ƙara hawan jini, kowanne na ingiza ɗan'uwansa. Awon da ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, in ya maimaitu, hawan jini ne ko da kai ba ya ciwo. Mutane da yawa sukan sha magani na wata ɗaya, su ji sauƙi, su ajiye. Maganin hawan jini ba a ajiye shi sai da izinin likita. Gishiri kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 a rana, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma a cikin lissafin har da dunƙulen ɗanɗano da kanwa da yajin tsire.

Na biyu shi ne abin da muke haɗiya da hannunmu. Ku tsaya a bakin kemis bayan magariba ku saurara. Lebura ya taso daga aiki jiki duk ya yi tsami, ya miƙa kuɗi ya ce, "Haɗa mini na gajiya." Yaron kemis ya ɓallo ja, ya ɓallo fari, ya ƙara da kafso mai launi biyu, ya ƙulle a leda. Ba a tambayi ko yana da hawan jini ba, ba a tambayi ko ya sha ruwa yau ba. A cikin irin wannan haɗi sau da yawa akwai diklofenak ko ibuprofen ko firoksikam, wani lokaci biyu a tare. Magungunan nan suna rage jinin da ke shiga ƙoda. Ga wanda ya wuni a rana jikinsa ya bushe, ko dattijo, ko mai hawan jini, shan su kullum ganganci ne babba. Suna da amfaninsu in likita ya rubuta na 'yan kwanaki. Mayar da su abincin dare shi ne halaka.

Haka batun yake ga magungunan da ake tallatawa da lasifika ranar kasuwa, na basir da na sanyi da na ƙarfin maza, a cikin jarka ko gorar da ba ta da suna balle ma'auni. Muna girmama masu maganin gargajiya na gaskiya, waɗanda suka gaji sana'ar kuma suka san iyakarsu. Amma duk abin da ba a san me ke cikinsa ba, ba a san yawan da za a sha ba, ƙoda ce za ta biya kuɗinsa. Mata kuma su sani cewa wasu mayukan bilicin na ɗauke da zaiba, wadda ke ratsa fata ta isa ƙoda. Ko maganin kanti ma sai an duba lambar hukumar NAFDAC. Ba mu manta da shekarar 2008 ba, lokacin da wani maganin haƙoran yara mai suna My Pikin, wanda ya gurɓata da guba, ya kashe yara aƙalla 84 a Najeriya ta hanyar tsayar da ƙodarsu, cikinsu har da waɗanda aka kwantar a asibitin koyarwa na Zariya. A 2022 irin haka ta faru a Gambiya, yara kusan 70 suka rasu bayan shan maganin tari.

Na uku shi ne wanda ya shafi Zamfara fiye da kowace jiha, wato gubar dalma. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF ta gano cewa yara na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Bincike ya nuna duwatsun zinariyar da ake kawowa gida a daka a turmi, ko a niƙa a injin niƙan hatsi, cike suke da dalma. Ƙurar ta bi ɗakuna da tsakar gida da kwanon abinci. A Dareta da Abare da 'Yargalma da Sunke da sauransu, yara fiye da 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Garin Bagega sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa. Gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a jihar a 2019, ta ɗage haramcin a ƙarshen 2024, sai ga shi a watan Afrilun 2025 an sake ba da rahoton ɓullar gubar a ƙaramar hukumar Bungudu.

An fi sanin dalma da taɓa ƙwaƙwalwar yara, amma tana cin ƙoda ma. Tana lalata bututun nefron, tana haddasa hawan jini. Kuma ba ta barin jiki da wuri. Takan ɓuya a cikin ƙashi shekaru masu yawa, tana tsattsafowa cikin jini a hankali. Akwai darasi daga jihar Kwinslan ta ƙasar Ostireliya. A farkon ƙarni na 20, yara da yawa a can sun sha gubar dalma daga fentin gidaje. Da dama sun tsira a lokacin, amma bayan shekaru likitoci suka lura cewa ciwon ƙoda na kashe matasa a wannan jiha fiye da sauran sassan ƙasar, aka bi sawu aka tarar yaran nan ne suka girma. Yaran Zamfara da suka tsira a 2010 yanzu samari ne da 'yan mata, wasu har sun yi aure. Haƙƙinsu ne a riƙa auna musu jini da fitsari a kai a kai, tun kafin kumburi ya bayyana. Masu aikin zinariya kuma, a Bungudu ko a ko'ina, su ji tsoron Allah a kan iyalinsu: kada a kawo dutse gida, kada a niƙa shi a injin abinci, a jiƙa shi kafin a fasa don rage ƙura, a yi wanka a canza tufafi kafin a ɗauki yaro. Masu ƙona zaiba don fitar da zinariya su san cewa hayaƙin nan da suke shaƙa yana sauka a ƙodarsu.

Akwai sauran hanyoyi da ya kamata a ambata a gurguje. Yaron da ke wanka a gulbi ko a tafki ya fara fitsarin jini, tsargiya ce, ba alamar balaga ba ce. Tana da magani mai sauƙi, in an bar ta kuwa takan ƙuntata bututun fitsari har ƙoda ta kumbura. Amai da gudawa na damina na iya tsayar da ƙoda cikin kwana biyu in ba a mayar da ruwan da aka rasa ba, don haka a fara ba da ruwan gishiri da suga tun a gida, a kuma garzaya asibiti. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, saran kububuwa, da zubar jini wajen haihuwa duk suna iya yin haka. Mai juna biyu da ƙafarta ta kumbura, kanta na sarawa, a kai ta awo a duba jininta da fitsarinta kafin jijjiga ta same ta. Dattijon da fitsari ke masa gardama, yana fita ɗis-ɗis, kada kunya ta hana shi faɗa, domin fitsarin da ya kasa fita baya yake komawa ya danne ƙoda. Masu sikila su ma su riƙa neman a duba musu. Abin farin ciki shi ne, ƙodar da ta tsaya farat ɗaya saboda irin waɗannan dalilai sau da yawa tana farfaɗowa in an kai mutum asibiti da wuri.

In ƙoda ta gaza gaba ɗaya, hanya biyu ta rage. Ta farko ita ce wanki, da na'urar da wani likitan ƙasar Holan, Willem Kolff, ya fara ƙerawa a 1943. Ana jan jini ta bututu, na'ura ta tace, a mayar. Ƙa'ida ita ce sau 3 a mako, kowane zama wajen awa 4, har iyakar rayuwa ko har a samu dashe. Wanki ba ya warkar da ƙodar da ta mutu, aikinta kawai yake riƙewa, shi ma ba duka ba. Ku auna halin mutumin Yankuzo ko 'Yandoto a ƙasar Tsafe, ko na Nahuce da Kwatarkwashi a ƙasar Bungudu, wanda sai ya shigo Gusau kowane zama: kuɗin mota, kuɗin wanki na dubban nairori, kuɗin ƙarin jini, ga fargabar hanya a wannan hali na rashin tsaro. Shi ya sa da yawa ke yin zama biyu ko uku su koma gida su rungumi ƙaddara.

Hanya ta biyu ita ce dashe. An fara yin sa cikin nasara a birnin Boston na Amurka a 1954, tsakanin wasu tagwaye. A Arewa, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara a 2002, na Jami'ar Maiduguri a 2010, na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ya bi sahu a 2025. Ci gaba ne abin godiya. Amma dashe na cin miliyoyi, kuma wanda aka yi wa zai sha magani kullum don kada jikinsa ya ƙi baƙuwar ƙodar. Ɗan'uwa mai lafiya na iya ba da ƙoda ɗaya kyauta bayan gwaji, ya ci gaba da rayuwarsa. Sayarwa kuwa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta, kuma muna gargaɗin matasa su guji dillalan da ke yaudararsu da kuɗi.

Idan muka ɗora tsadar wanki da dashe a gefe ɗaya, muka ɗora kuɗin gwaji a ɗaya gefen, hukunci a bayyane yake. Masana sun ƙiyasta cewa kimanin mutum ɗaya cikin 10 a duniya na ɗauke da ciwon ƙoda, yawancinsu ba su sani ba. Abin da ke tona shi kuwa abu uku ne masu sauƙi: awon hawan jini, awon suga, da gwajin fitsari da ɗan tsinken takarda mai canza launi in akwai furotin ko jini. In an ga alama, sai a ƙara da gwajin kiriyatinin. Duk wanda ya haura shekara 40, ko yake da hawan jini, ko suga, ko sikila, ko aka taɓa ciwon ƙoda a gidansu, ko ya taɓa aikin zinariya, ya nemi a yi masa waɗannan gwaje-gwaje aƙalla sau ɗaya a shekara. Ba sai an je Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura ba. A fara da babban asibitin Tsafe, ko na Bungudu, ko asibitin sha-ka-tafi mafi kusa. In an gano ciwon da wuri, akwai magungunan da ke rage masa gudu, mutum ya yi shekaru masu yawa bai ga na'urar wanki ba.

A sha ruwa mai tsabta isasshe, musamman a bazara, kuma a lokacin azumi a rarraba shan tsakanin buɗa-baki da sahur. Wanda likita ya riga ya tabbatar masa da ciwon ƙoda, shi ya bi ma'aunin ruwan da aka ba shi, ya kuma nemi shawarar likita kafin ya ɗauki azumi.

Muna kira ga gwamnatin Jihar Zamfara da ta wadata kowane asibitin karkara da na'urar awon jini mai aiki da tsinken gwajin fitsari, ta buɗe rajistar waɗanda gubar dalma ta taɓa don a riƙa bibiyar ƙodarsu, ta kuma sassauta kuɗin wanki ga marasa ƙarfi. Muna kira ga hukumomin da ke kula da magunguna su sa ido a kan kemis da masu tallar lasifika. Sarakunanmu da malamanmu, ku sa wannan magana a majalisa da huɗuba, domin muryarku ta fi tamu isa. Ɗalibai da malaman Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe, ku fita kasuwanni da na'urar awo, musamman a Ranar Ƙoda ta Duniya da ake yi kowace Alhamis ta biyu a watan Maris.

Kai kuma maigida, ke kuma uwargida, kada ku jira sai fuska ta kumbura. A cikin wannan mako ku je a auna muku jini da suga da fitsari, ku tafi da iyayenku tsofaffi. Rigakafi ya fi magani, a batun ƙoda kuwa ya fi shi araha nesa ba kusa ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kare masu lafiya, Ya zaunar da jiharmu lafiya.